Ɗanasabe Mai Shayi Ya Dafa Maganin Kajinsa

Shekara ashirin da shida ke nan Ɗanasabe yana da teburin shayi a bakin tashar Magariya, daidai inda motocin Dungas suke lodi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma yatsunsa sun saba da wuta har yakan gyara garwashi da hannu yana cikin hira. Direbobi sun san shi da hali guda: ba ya miƙa wa mutum abin da bai tafasa ba. Ko ruwan ɗauraye kofi sai ya ga tururinsa.

Kiwon kaji ya shige shi ne ba shiri. Lokacin da aka rufe iyaka ƙwai ya yi wuya, mai shayi kuwa in ba ƙwai, burodinsa bushewa yake a leda. Sai ya gina akurki a bayan gida, ya zuba kaji talatin da biyu masu ƙwai. Wata bakwai abin yana tafiya daidai. Da damina ta sauka kajin suka soma zawo, fukafukai suka saki, ƙwan da yake kwasa ashirin da biyar a rana ya koma bakwai. Ya yi abin da kowa yake yi, ya ɓare kafso mai ja da rawaya ya zuba musu a ruwa, yau da gobe, ba sauyi.

A tsallaken titi akwai Maina, wani mai shayin, wanda ƙwai bai yanke masa ba. Direbobin da suka shekara goma a bencin Ɗanasabe suka fara gaishe shi daga nesa suna tsallakawa. Ya lura cewa in aka ƙara wata guda a haka, bencin ma sai ya koma gida.

Ya hau moto ya je wajen Madam Hamida, likitar dabbobi. Ta tambaye shi rigakafi, ya ce an yi. Ta ce to ya daina kafso, don kafson ya riga ya share hanjin kajin tas, mai amfani da marar amfani. Ta ba shi wani farin gari a leda, ta ce akwai ƙananan halittu masu rai a ciki, dangin waɗanda suke juya madara ta zama nono. Su ne za su zauna a hanji su tare wa masu cuta wuri, kaza ta narkar da abinci, jikinta ya sami ƙarfi. Cokali ɗaya a bidon ruwa, wato jarka, kowace safiya.

Ɗanasabe yana ta gyaɗa kai, amma hankalinsa yana tasha, inda ya bar buta a kan wuta. Cokali ɗaya kawai ya riƙe. Sauran kuwa ai ya sani: duk maganin da ya taɓa gani, sassaƙe ne ko saiwa, sai an dafa yake sakin ƙarfinsa. Washegari ya hura gawayi, ya zuba garin a buta, ya ba shi tafasa uku, ya ɗaga ya tsiyaya daga sama har ya yi kumfa, sannan ya juye a bido. Haka ya yi kwana goma sha biyu. Kaji huɗu suka mutu.

Rana ta goma sha uku Madam Hamida ta biyo gidan da hantsi don ta ga kajin. Ta tarar da shi tsugune yana fifita wuta.

"Baba, shayi ne a gida ma?"

"Maganinki ne, Madam. Saura tafasa ɗaya."

Ta leƙa butar, ta dube shi, ta nemi turmi ta zauna.

"Baba, na ce maka masu rai ne. Ka kashe su."

"Duka?"

"Duka. Kullum."

"Su nawa ne a cokali?"

"Sun fi mutanen Damagaram yawa, nesa ba kusa ba."

Ɗanasabe ya cire hula ya yi salati. Matarsa Shatu, wadda take tankaɗe a gindin zaure, ba ta ko ɗago kai ba.

"Madam, tun ran farko na faɗa masa. Mai nono takan dafa madara, amma sai ta huce take zuba irin. Ya ce mini shekararsa nawa a kan wuta."

"Ke, da likita nake magana."

"To, Malam. Ga gawayi nan in za a ƙara."

Madam Hamida ta ce ba ta hana shi tafasa ruwa ba, hasali ma ya kyauta. Amma ya bar shi ya huce sarai, sannan garin ya shiga, kuma a ajiye ledar a inuwa. Ta ƙara da cewa garin ba zai yi aikin rigakafi ba, ba kuma zai share masa akurki ba.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne jiran. Mutumin da bai taɓa barin buta ta huce a gabansa ba, yanzu sai ya zauna yana kallon ta tana sanyi, yana tsoma yatsa yana tsaki. Kwana biyun farko Shatu ta ɓoye ledar a ɗakinta, ba ta fito da ita sai ta taɓa ruwan da kanta.

Cikin mako na biyu kashin kajin ya ɗaure. A mako na huɗu ya kwashi ƙwai goma sha tara, ya jera su a saman tebur yadda za a hango daga tsallake. Habu, direban Dungas, shi ya fara dawowa. Ya zauna kamar jiya ya tashi, ya ce a soya masa uku.

"Na Maina sun ƙare ne?" in ji Ɗanasabe.

"Bencinsa ne yake da ƙusa."

Ɗanasabe ya ɗora kasko a wuta. Ya fasa uku, ya duba ya ga wani direban yana tsallakowa, sai ya jawo kwanon ƙwan kusa.