Filashin ɗin Inna a Cikin Faranti

Shekarun da na yi ina aiki a wani kamfanin hatsi a Kontagora, ni kaɗai ne mai kwamfuta. Manhajar da ke bin sawun buhunan masarar da ake kawowa daga Kumbashi da Bobi ni na rubuta ta. Amma in firinta ta ƙi aiki, ni ne. In wani ya manta lambar sirrinsa, ni ne. Har rimot ɗin talabijin na manaja ni ake kawo wa. Kowa da abin da yake faɗa: "Ɗan ƙaramin abu ne, yanzu za ka gama." Ƙaramin abu a ina? Wallahi ban taɓa ganin ƙaramin abin da bai cinye mini wuni ba.

Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne farantin manaja. In za a shiga mitin, sai kowa ya ajiye wayarsa a wani farantin silba a tsakiyar tebur, wai don hankali ya tattaru. Mitin ɗin kuwa kusan kullum a kan me ya sa aikina bai ƙare ba ne, alhali ga ni zaune an hana ni yin sa.

Mahaifiyata tana ƙauyenmu, can bayan Tungan Magajiya, inda babu sabis sai an hau wani tudu bayan makarantar firamare. Duk Talata da hantsi Inna takan hau tudun ta yi mini filashin, ni kuma in kira. Sau ɗaya take dannawa. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kamawa, balle ta nuna ta matsu da jin muryata. Za ta ɗan tsaya, in ban kira ba ta sauka, sai wata Talatar.

Wata Talata manhajar ta rikice, motoci suka yi layi a bakin sito. Maimakon a bar ni in duba, sai aka kira mitin. Manaja na cikin bayani, wayata ta yi haske a faranti, ta ɗauke. Can sai ta sake yin haske. Inna ba ta taɓa dannawa sau biyu ba.

Na ce, "Yallaɓai, don Allah, tsohuwata ce."

Ya ce, "Malam, kowa a nan yana da uwa. Motoci fa suna jira."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na zauna. Sai azahar aka sake mu. Na kira na kira, ba ta shiga. Matsalar manhajar kuwa, ashe wani ne ya zare filogin na'urar intanet ya jona cajarsa.

Talatar da ta biyo, shiru. Ran Asabar na hau mota. Na tarar da Inna a kan tabarma tana ɓare gyaɗa, ta miƙe ƙafafu, gwiwoyinta sun kumbura suntum. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tura mini kwanon fura.

Na ce, "Inna, na ga kiranki, muna cikin mitin ne."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai na san aiki ne. Dama cewa zan yi ka daina jiran Talata. Gwiwar nan ba ta hawa tudun kuma. Ranar ma da ƙyar na kai, shi ya sa na danna sau biyu."

Na yi ta juya ludayi, ita tana ta ɓare gyaɗarta.

Na koma bakin aiki. Da Talata ta zagayo aka kira mitin da hantsi, ni na fara ajiye wayata a faranti. Manaja har yaba mini ya yi.