Chanthou, Mai Tambayar Lafiyar Gida

Tun tururin safiya bai gama tashi daga tafkin Tonle Sap ba, Chanthou kan zauna a goshin kwalekwale, ruwa yana ɗauke da ita a hankali tsakanin furannin bado da gidaje masu dogayen ƙafafu, waɗanda suke kamar masu barci a tsaye. Haka ta yi shekara da shekaru, har makon jiya da ta ajiye aiki.

A ƙaramin bankin da ke ba matan masunta jari, wasu ne ke karɓar biya. Ita aikinta ta gano ko jarin ya gyara zaman mutane, ta rubuta rahoton da ake kai wa masu zuba kuɗi duk shekara. Sai ta hau tsani, ta miƙe ƙafa a tabarma, ta yi tambaya kan tarin da ke damun tsohuwar gida da yoyon rufi. Mata suna tsokanarta wai daddawar kifi ke kawo ta.

A shekarar da kifi ya yi ƙaranci ta je gidan Sreyneang, mai bandar kifi, wadda ba ta taɓa makara da biya ba, har ana shirin sa hotonta a bangon rahoto.

"Inna Chanthou, yau ma bankin bai ba ki abinci ba?"

"Naki ya fi daɗi, ƙanwata. Ina Kanha? Ban ga rigar makarantarta a igiya ba."

Sreyneang ta ce ta cire 'yar tata daga makaranta, ta tura ta gyaran kifi a kasuwa, don kada ranar biya ta zo ta ji kunya.

"Kada ki rubuta, Inna. Za a ce na kasa."

"Sunanki ba zai fito ba. Amma abin da ya same ki sai na faɗa."

Ta zaga gidaje, ta tarar ba Sreyneang kaɗai ba ce. Ta rubuta yadda ta gani, duk da ta san rahoton zai iya korar masu zuba kuɗi, ya tafi da aikinta. Shugaban bankin ya karanta, ya ce ta kai shi ya gani. Bayan dawowarsu aka yanke cewa duk watannin da tafki ya hana kifi, za a saurara wa mata. Ɗaya daga cikin masu zuba kuɗin ya janye, sauran suka tsaya. Kanha ta koma aji kafin ruwa ya ja baya.

Ke ce, Chanthou, mai kunnen jin abin da baki ya kasa furtawa. Ke kika sa matan tafki suka daina murmushin dole in baƙo ya zo. Yanzu kin ce za ki koma ƙauyenku, ki ɗaura ragar lilo a ƙarƙashin mangwaro, ki saurari iska. Mun gode, Inna, ki huta lafiya.

Ku kuma da za ku gaji wannan aiki, kafin ku rubuta cewa mutane sun ji daɗi, ku zauna da su har su faɗa da bakinsu.