Tayoyin Jirgin Tolegen

Shekara talatin da huɗu Tolegen ya yi yana gyaran motoci a ƙauyensu da ke kudancin Kazakistan, kuma duk lardin an san hannunsa a abu ɗaya: daidaita tayoyin gaba. Zare kawai yake ja, ya karkato bakin tayoyin su dubi juna da kaurin ashana biyu, mota ta miƙe a hanya ko an saki sitiyari. Wanda ya iya abu haka ba a gaya masa magana a kai. Tolegen kuwa ko a kan abin da bai iya ba ma ba ya jin magana.

Da ya ajiye aiki sai ya kori tumaki daga rumfarsu ya shiga ƙera jirgin sama. Tun yana yaro da ya ga jirgin feshi ya ratsa gonar alkama abin ya tsaya masa a rai. Shekara shida ya ci a kai. Injin tsohuwar mota ya sa, ya sassaƙa farfela da katako, matarsa Kulyash ta ɗinka yadin fukafukai a kekenta tana mita. Tayoyi biyu a gaba, ƙarama ɗaya a ƙarƙashin wutsiya.

Injin lafiya lau, amma jirgin ya ƙi tafiya sak a ƙasa. Da zarar ya ɗauki gudu wutsiya ta ɗaga, sai ya fizge hagu ko dama, ya yi hajijiya, ya tsaya yana kallon inda ya fito. Jirgin da bai miƙe a ƙasa ba kuwa babu maganar tashi.

Maƙwabcinsa Sagindik, makiyayin dawaki, shi ne ɗan kallo na kullum.

"Kai tsoho," in ji shi daga kan godiyarsa, "wannan jirgi ne ko karen da ke bin jelarsa?"

"Rufe mana baki, kai da ko keke ba ka iya ba."

"Ni dai abin hawana ya san gabas."

A bazarar nan ne likita a birni ya ce masa hawan jinin ido ne ke rage masa gani. Ganin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma da wuya ya kai baɗi. Tolegen ya dawo gida bai taɓa shayinsa ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba, domin lokacinsa na nan zuwa saukar dusar ƙanƙara ne kawai: in ta rufe fili sai baɗi, baɗi kuwa ba ido.

Ya canza birki. Ya ɗaure igiyoyin wutsiya, ya sassauta su. Ya rage iskar taya, ya ƙara. Ya zargi fili, ya zargi iska, har Sagindik ya zarga da mugun baki. Sau biyu bakin fiffike ya daki ƙasa ya karye, kowane gyara ya cinye mako uku. Tayoyin gaba ne kaɗai bai taɓa waiwaya ba. Ina dalili? Ai shi ya daidaita su da hannunsa.

Ranar nan da hantsi, kaka ta yi nisa, Kulyash ta kawo masa shayi da madara, ta tsaya gaban jirgin ta ƙura masa ido.

"Baban Aigul, me ya sa ƙafafunsa ke kallon juna kamar na ɗan maraƙi?"

"Haka ake yi wa kowace mota."

"To mota ce?"

Tolegen ya dubi tayoyin. Ya durƙusa ya shafa tayar dama. Nauyin jirgin a bayan tayoyi yake. In jirgin ya ɗan karkata hagu sai nauyi ya koma kan tayar dama, ita kuma da ma hagu Tolegen ya sa ta duba, sai ta ƙara ingiza shi. Abin da ya yi suna da shi, shi ya cinye masa bazara guda. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne shi a wurin.

Kwana tara ya yi yana yanka ƙarfe yana walda don ya miƙar da tayoyin sak, rabi da ido rabi da lalube, Kulyash na karanta masa awo.

Ranar gwaji gari ya yi fari fat, sanyi na yanka kunne. Ya ba inji wuta. Wutsiya ta ɗaga, jirgin ya miƙe kamar an ja masa zare. Ya ji kujera ta yi sauƙi a ƙarƙashinsa, saura kawai ya jawo sandar tuƙi jirgi ya tashi. Ya duba gaba, bai ga inda ƙasa ta ƙare sama ta soma ba. Bai ga layin bishiyoyin da ya sani sarai suna can ba. Ya janye wuta.

Sagindik ya iso a guje yana ihu. "Ya tafi sak, tsoho! Wallahi sak ya tafi! Me ya hana ka ɗagawa?"

Tolegen na zaune, hannunsa a kan sanda.

"Na ji ya tafi sak," ya ce. "Zo ka kama ni in sauka."