Jinin Shanun Baffa

Ina shekara ta uku a karatun dokta lokacin da na fara zirga-zirga tsakanin Magarya da wata ruga a bayan Dungas. Tambayata guda ce: me ya sa wasu shanu ke murmurewa da zarar ciyawa ta fito bayan ramar bazara, wasu kuma su kwanta ba su tashi ba, alhali kiwonsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya?

Mai rugar dattijo ne, yana noman hatsi yana kiwo. Baffa nake ce masa. Sai da na yi zuwa huɗu a bayan moto, wato babur, kafin ya yarda na sa allura a wuyan saniyarsa. Ina ɗibar jinin cikin 'yan kwalabe, in jera su a akwatin ƙanƙara, in rungume shi har gida, ina fargabar rana.

Rana ba ta ci ni ba, wuta ce ta ci ni. Aka ɗauke ta kwana biyu, firijin da na ajiye kwalaben ya narke, fiye da rabi suka lalace. Abin da ya rage bai isa gwaji biyu ba.

Malamaina kuwa biyu ne, kowa da nasa. Ɗaya yana son lipidomik, wato a tsame dangin kitse kaɗai daga jinin, a bi su ciki da bai. Ɗayan yana son metabolomik, a duba duk ƙananan sinadaran da jiki ke sarrafawa, su sukari da gutsattsarin furotin, ko da kitsen ba zai fito sosai ba. Duka biyun ba a zaɓar abin da ake nema tun farko, na'ura ce ke kawo duk abin da ta gani. Amma ruwan da ake tsamo kitse da shi daban, na sauran daban, kuma jinin da aka zuba wa ɗaya ya tafi ke nan.

Wata biyu suna ja a waya, ni ina tsakiya ina cewa to. Na koma wurin Baffa neman ƙarin jini. Ya saurare ni har na gama, yana gyara igiyar guga.

"Malama, wanne ne zai gaya mini abin da ya kashe jar saniyata?"

"Wallahi Baffa, ban sani ba."

"To ni ba zan ƙara ba ki ba. Dubi haƙarƙarinsu. Wane jini ya rage?"

Ban yi musu ba, don da gaskiyarsa.

Na zaɓi kitse, ba don na fi yarda da shi ba, sai don saniya mai yunwa kitsenta take ƙonawa, kuma na gaji da jira. Malami na biyu ya daina ɗaukar wayata har damina ta wuce.

Na aika kwalaben ƙasar waje, sakamakon ya zo bayan wata bakwai, layuka dubbai a kwamfuta, yawancinsu babu ko suna. Akwai wasu 'yan kitse da suka bambanta tsakanin shanun da suka tashi da waɗanda suka mutu. Ko su ne sanadi, ko alama ce kawai ta wani abu da ɗaya gwajin zai nuna, ban iya cewa ba. Haka na rubuta, haka na tsaya gaban malamai na faɗa, suka ba ni takardar dokta.

Da kakar shekarar da ta biyo baya na kai wa Baffa labari. Na tarar da shi a gona ana yankan hatsi. Na yi ta bayani, har na ji muryata ta ishe ni. Ya ce Allah ya sa albarka, ya sa aka kawo mini fura da nono. Na sha, na zauna a inuwar gawo ina kallon mata suna ɗaure damma, ban ma ji son tashi ba.