Shamuwa da Babur Ɗin Bawa

Da safe na fito duba shamuwa, sai na tarar da ƙwai a fashe a ƙarƙashin tsamiyarmu. Maƙwabcina Bawa, ɗan kabu-kabu, yana tsaye da doguwar gora yana zungurar sheƙa.

Duk bazara nakan rubuta ranar da suka iso Bagudo. Bana sun makara, har na zaci ni ne ban lura ba.

Na ce, "Bawa, mi sunka yi maka?"

Ya ce, "Malam, dubi babur ɗina. Kullum sai na wanke kashinsu kahin in tahi Illo."

"To ka sake mishi inuwa mana."

"Nan ubana ka ɗaure jakinai."

Raina ya ɓaci. Tsuntsu ya ƙetaro ƙasashe da albishir ɗin damina, ba wanda ya tare shi a iyaka, sai a ƙofar gidanmu?

Na ba shi zaurena ya riƙa ajiye babur. Cikin sheƙa biyu da ke kan tsamiyar, ɗaya ta tsira. Shamuwar da ya rushe wa tata kuwa tana ta kewaya tsamiya, ta kasa sauka.

Ina tsoron na yi wa Bawa sanyi da yawa. Da ku ne, me za ku ce masa?