Bangon Rumbun Mushe Habu

Mushe Habu, kamar yadda muke kiran malamin boko, ya shekara talatin yana koyar da Faransanci a lakol, wato makaranta, da ya ajiye aiki kuma ya ƙi zama. A Cadawa kowa ya san rumbun geronsa, don bangonsa ya mayar allo. Duk ɗalibin da zai zauna bak, jarrabawar shiga jami'a, sai ya rubuta masa kalmomi da alli a ƙarƙashin sunansa. Ba ya goge kalma sai ɗalibi ya sa ta a magana daidai. A lokacin ne zai lashi babban yatsansa ya shafe ta. Ni maƙwabcinsa ne, na sha yi masa tsiya cewa yawunsa zai ƙare kafin kalmomin Nasara su ƙare.

A cikin ɗalibansa, Saudatu ta fi ba shi wahala. Sau biyu tana faɗuwa, mahaifinta kuma ya ce wannan ce ta ƙarshe. Kalma guda ta gagare ta, mai nufin rayuwa marar tabbas. Kullum sai ta sa ta inda ba gurbinta ba.

"Ba zan goge ba sai kin iya," ya ce mata. "Ko ina ne, ina jira."

Saura wata guda jarrabawa ya rasu. Lokacin yaɓe ne kafin damina, amma matarsa Jummai ta hana a taɓa rumbun. Ba ta iya karatu ba, sai dai ta ce rubutun mijinta ne.

Ran jarrabawa, ga kalmar nan a tsakiyar tambaya. Saudatu ta ce a karon farko ta gane ta, ta rubuta shafi huɗu.

Da ta dawo daga Maraɗi, inda aka yi jarrabawar, ta roƙe ni in raka ta gaban rumbun. Azahar ce, rana na dukan ƙasa, Jummai tana gona tun safe. Kalmomin sauran ɗalibai suna nan cif. Ta Saudatu kaɗai aka shafe, da shatin babban yatsa.

Saudatu ta kai hannu ta taɓa wurin, ta juyo ta dube ni.

"Baba, bai bushe ba."