Ruwan Alwala a Gindin Inabi

Duk wanda ya daɗe a Azare ya san gidan Malam Ladan mai inabi, ko da bai taɓa shiga ba. Direbobin Gadau ma da shi suke kwatance: in ka wuce gidan mai inabi, sai ka karya hagu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka gona ce guda. Bishiya ɗaya ce tal, a filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta hau rumfa ta baje, gindinta ya yi kaurin cinyar ƙato.

Malam Ladan haifaffen Katagum ne. Aikin gandun renon itatuwa ya kawo shi Azare yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan ya yi furfura. Siriri ne, marar yawan magana, irin mutanen da in ka gaishe su sau biyu a rana sai su ga ka cika surutu. Aboki ɗaya aka san shi da shi, Jonah, Kirista mutumin Bogoro, wanda suka yi shekara talatin suna cika leda da ƙasa a gandu ɗaya.

Wajen shekara arba'in ke nan wani Bature daga ƙasar Sifen ya zo aikin noman rani. Da zai koma ya miƙa wa Ladan sanduna goma sha biyu a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ya ce inabin garinsu ne, sunanta Garnaca, kuma ba ta tsoron rana. Ya haɗa masa da kwalba guda ta abin da suke yi da ita a can. Ladan ya karɓi sandunan hannu biyu, ya ja da baya daga kwalbar kamar ya ga kububuwa. Jonah ne ya rufa wa Bature asiri, ya saka ta a jaka.

Washegari suna aiki, Ladan ya kasa haƙuri.

"To mashayi, ba ni labari. Me take zama a ƙasarsu?"

"Akwai saura ai. Zo ka ji da harshenka."

"Allah ya kiyashe ni. Naka bakin ya riga ya lalace, gara a more shi."

Jonah ya ajiye shebur, ya lumshe ido. "Da fari kamar ɗinyar da ta nuna ta faɗo da kanta. Can kuma sai ka ji kanya. In ka haɗiye, wani ɗan yaji kamar masoro ya biyo baya, ƙirji ya ɗau ɗumi. Ga ta ba duhu, kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Sai ka raina ta. Sai ka zo tashi ka ji ƙafa ta yi nauyi."

"Wato munafuka ce."

"Mai kunya dai. Baturen ya ce ja ake yi da ita, a yi fatsi-fatsi, a yi mai zaƙi ta bayan abinci. In wani inabin ya cika tsami, da ita ake sirka shi ya shawu. Duk inda aka sa ta zama take."

"To a gidana musulunta za ta yi."

Haka kuwa aka yi. Gara ta ci bakwai, awaki suka ci huɗu, ɗaya ta tsira. Wannan ɗayar ta shiga kowace hidima. Ana cin ta ɗanya. Matarsa Ya Gana, Allah ya ji ƙanta, takan shanya ta ta zama zabibi, a zuba a kunun azumi. Wadda ta fashe a yi khal da ita, ruwan tsamin nan na zubawa a abinci. Wata Bakwariya, Balarabiya mazauniyar Kano, takan aiko a tsinko mata ganye ta naɗe shinkafa. Jonah kuwa duk shekara yakan ɗauki kwando guda, a matse a tafasa a ranar, a kai coci don jibin Ubangiji. Ladan yakan ce masa, "Ku dai shanye kafin ta tuna halin gidansu."

Sai dai Garnaca na da wani hali da Ladan ya sha wuya kafin ya gane. Ba ta son gata. A ƙasarsu sanyi ne ke kwantar da ita barci, a nan kuwa babu mai kwantar da ita sai mai ita. Saboda haka da damina ta ɗauke, sai ya tsige ganyenta kakaf, ya yi mata aski har ta koma kamar itacen girki, ya tone bakin saiwar, ya hana ta ruwa sati huɗu cur. Sai ta ga mutuwa muraran sannan take tashi da fure. In aka shayar da ita a wannan tsakanin, ba ganyen da zai ja ruwan, sai ya kwanta a saiwa ya ruɓar da ita.

Bai taɓa koya wa kowa wannan ba, ko 'yarsa ta cikinsa. Tun farko an yi masa dariya, ana cewa Ladan na noman Turai a yashi, shi ya sa da abin ya yi kyau ya kama bakinsa. In aka tambaye shi sirrin sai ya ce, "Ikon Allah." Ya Gana ta sani, ta tafi da saninta. Jonah ya sani, ya yi ritaya ya koma Bogoro.

A kakar bara, ranar wata Talata, ya gama askin da la'asar. Laraba da hantsi aka tsince shi a faɗe a bakin zaure. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da harshen gaba ɗaya. Ya kwana tara a asibiti. 'Yarsa Dijatu ta baro gidanta a Gadau ta zo jinya, aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ke kallon rumfar, don maza masu dubiya su shigo ba sai sun ratsa cikin gida ba.

Mutane kuwa suka zo. Mutumin da ya shekara arba'in yana aika nonon inabi gidan mai jego da gidan makoki ba ya rasa masu dubiya. Daga Katagum, daga Hardawa, daga Dambam, wasu ma bai san muryarsu ba. Kunnensa garau yake, yana kwance yana jin komai.

Muryar maƙwabcinsa Alhaji Hussaini ya fara ji.

"Subhanallahi! Ku dubi bishiyar nan. Ita ma ta san maigida ba lafiya. Ko ganye ɗaya babu."

"Ƙishirwa ce, Alhaji," in ji wani. "Dubi yadda ƙasar ta tsage."

"To jama'a, kada wanda ya sake zubar da ruwan alwala a banza. Ku matso gindinta. Ga ladan alwala, ga ladan shayarwa. Dijatu! A kawo butoci nan."

Sai ƙarar ruwa a kan busasshiyar ƙasa, tana sha tana tsotsa. Ladan ya yunƙura. Abin da ya fito daga bakinsa gurnani ne kawai, da yawu. Ya daki tabarma da hannun hagu har Dijatu ta shigo a guje. Ya nuna ƙofa, ya nuna rumfa, yana girgiza kai.

"Na sani, Baba, na sani. Inabinka ko? Kwantar da hankalinka. Wallahi ba za ta bushe a hannuna ba."

Hawaye ya zubo masa. Ta sa bakin zane ta share, ta fita tana gaya wa baƙi, "Kun ga har kuka ya yi. Ya ji daɗin abin da kuke yi."

Ta taɓa ba shi biro da takarda. Abin da ya zana da hannun hagun ko shi kansa bai iya karantawa ba.

Azahar buta takwas, la'asar goma sha biyu, ranar Juma'a ba a magana. Dijatu ta ƙara da ruwan wanke-wanke, don tukwanen baƙi ba sa ƙarewa. A sati na biyu ƙarar ta sake, ruwa ya daina faɗa wa ƙasa, ya koma faɗa wa ruwa. A na uku ya ji kwaɗo. A na huɗu aka yi ta murna wai ta yi toho, kwana biyar tohon ya yi rawaya ya langaɓe, Alhaji Hussaini ya ce ruwan ne bai isa ba, ya sa mai kura ya juye jarka shida. Daga nan wani wari mai tsami ya fara shigowa ɗakin, irin na kwatami.

Abin da ya fi cin ransa shi ne ya rasa wanda zai ji haushi. Kowa da bisimilla yake zuba ruwan nan. Suna idar da salla a ƙarƙashin rumfar su ɗaga hannu su roƙa masa lafiya, wasu har muryarsu na rawa.

Labari bai kai Bogoro ba sai a sati na bakwai. Da hantsi Ladan ya ji sallamar da ya sani, ya ji takun sanda, sai takun ya tsaya cak a tsakar filin.

"Wa ya yi wannan? Dijatu! Wa ya ce a ba ta ruwa?"

"Baba Jonah, sannu da zuwa. Ai bushewa take yi, shi ne muka..."

"Bushewa? Shi ya busar da ita da hannunsa! Haka ake yi mata, 'yar nan, duk shekara haka ake yi!"

Sannan muryar Dijatu, ƙasa-ƙasa: "Bai taɓa gaya mini ba."

"Na sani," in ji Jonah, ya sassauto. "Halinsa ne. Miƙo mini fartanya da wuƙa."

Ladan ya ji fartanya na shiga taɓo tana fitowa. Ya ji Jonah ya ja tsaki. Sannan wuƙa ta fara bin rassa, ana neman ɗanyen da za a dasa. Reshe mai rai ba ya ƙara in an yanke shi. Waɗannan kuwa ƙas, ƙas, ƙas, tun daga kan rumfa har gindi.

Jonah ya shigo da taɓo har gwiwa, ya zauna a bakin katifa, ya kama hannun hagun.

"Malam, ka ga yadda ka koma? To ba komai. Akwai sauran rai a jikinta, in aka janye ruwan..."

Ladan ya zuba masa ido kawai. Jonah bai ƙarasa ba, ya sunkuyar da kai.

Suna nan zaune aka kira azahar. Alhaji Hussaini ya yi sallama, ya ɗauki buta, ya nufi gindin bishiyar yana cewa, "Yau kam ina ganin kamar ta ɗan farfaɗo." Dijatu ta taso daga bakin ƙofa, ido jawur, ta buɗe baki za ta yi magana. Ladan ya daki tabarma sau ɗaya. Ta waigo. Ya ɗaga hannun hagu, ya yi mata alamar ta ƙyale Alhaji.

Alhaji ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya fara wanke hannu.